Fiyano a Gidan Mutum Huɗu

"Malam, barka da war haka. Shekara 14 ke nan ina kaɗa fiyano, kuma kusan duk wasan da na yi a gaban jama'a ni kaɗai nake hawa dandamali. Yanzu wasu masu goge huɗu da suka daɗe suna kiɗa tare sun gayyace ni mu yi kiɗan biyar na Schumann. Mun yi gwaji na farko, na dawo gida jikina a sanyaye. Mai celo ya ce ina danne shi, mai bayolin ta farko ta ce ina riga su shiga. Ni kuwa wallahi a hankali nake taɓawa, har ina jin kamar ba ni ke kiɗan ba. Sun nemi a sauke murfin fiyanon. Saura gwaji biyu. In yarda a sauke? Kuma wa ya kamata ya ja ragama, tunda babu mai ba da hannu a gabanmu?"

Ƙanwata, barka kadai, sannu da ƙoƙari. A rubuce tambaya biyu kika yi, ta murfi da ta ragama. Wadda na ji tana motsi a ƙarƙashinsu ita ce: ta yaya mutum zai sassauta hannu har ya ji ya ɓace daga kiɗan, sannan a ce masa har yanzu ya cika ƙara? A kanta zan fi daɗewa, don in ta warware sauran biyun ba za su ba ki wahala ba. Bari ma in gaya miki inda na dosa tun yanzu. A mafi yawan lokutan da na ji mai goge ya ce fiyano ya yi ƙara, abin da ke damunsa shi ne lokacin da sautin ya iso da tsawon zaman da ya yi kafin ya tafi. Nauyin hannu shi ne ƙaramin mai laifi, shi kuma muke fara kamawa.

Gidan da kika shiga

Bayolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Dangi guda ne, ƙira ɗaya, girma ya bambanta su, kuma duk da izga ake goga su, wato sandar nan da aka ja wa gashin wutsiyar doki. Mutanen da ke riƙe da su kuwa, in rukunin ya amsa sunansa, sun yi shekaru suna wuni a ɗaki ɗaya. Rukunin Amadeus da aka kafa a Landan a 1947, mutum huɗun nan dai su suka yi shekara 40 tare, kuma da mai biyolarsu Peter Schidlof ya rasu a 1987 sauran ukun ba su nemi madadinsa ba, suka rufe rukunin. Na Guarneri a Amurka ya fara a 1964, bai sauya mutum ko ɗaya ba sai 2001. Irin wannan zama yana haifar da wani yare da ba a koya wa kowa: jan numfashi, ɗaga gira, yadda kafaɗa ke sauka kafin a tsaya. Su kansu ba su san suna yi ba. Shi ya sa ranar farko kika ga kamar kowa ya san inda za a karya kwana sai ke. Baƙo ko idonsa a buɗe makaho ne.

Haɗa fiyano da cikakken rukunin huɗu bai tsufa sosai ba. Marubucin kiɗa Boccherini ya rubuta irinsa a ƙarshen ƙarni na 18, amma wanda ya kafa tsarin har na baya suka bi shi ne wannan da ke gabanki, wanda Robert Schumann ya rubuta a 1842 ya sadaukar wa matarsa Clara. Ita ta kaɗa shi a bainar jama'a karo na farko a zauren Gewandhaus na Leipzig, a Janairun 1843. Kafin nan an yi shi a gida cikin Disamba, Clara ba ta da lafiya, sai marubucin kiɗa Mendelssohn ya zauna a madadinta ya kaɗa shi daga takarda nan take. Shi ko gwaji biyun da suka rage miki bai samu ba, sai dai ni da ke ba Mendelssohn ba ne. Bayan na Schumann sai na Brahms a 1864, na Franck a 1879, na Dvorak a 1887, na Shostakovich a 1940.

Ki riƙe shekarar nan ta 1842, domin wani ɓangare na matsalarki a can yake. Fiyanon wancan zamani yawancin jikinsa katako ne, tsirkiyoyinsa sirara, gudumominsa ƙanana, sautinsa yana fita tas ya mutu da wuri, musamman a ƙasa. Babban fiyanon dandamali na yau tsawonsa mita 2.7 ne da 'yan kai, nauyinsa ya doshi rabin tan, yana da ƙashin baƙin ƙarfe mai riƙe da tsirkiya fiye da 200 waɗanda jansu gaba ɗaya ya kai wajen tan 20. An gina shi ne don ya yi gogayya da babbar ƙungiyar makaɗa a zaure mai cin dubban mutane. Bayolin da celo su ma sun ƙara murya tun da aka bar tsirkiyar hanji aka koma ta ƙarfe da ta roba, amma ƙarin nasu bai kama ƙafar na fiyano ba. To, duk inda Schumann ya sa alamar a yi da ƙarfi a layinki da layin mai celo lokaci guda, da wancan fiyanon yake magana. Ga shi kuma shi mutumin fiyano ne, da yatsu goma yake tunani. A wannan kiɗa da wuya ki sami hutu, kuma sau da yawa abin da masu goge ke faɗa yana nan ƙarƙashin yatsunki, kina faɗarsa tare da su. Duk inda aka ninka layi haka, in ba a yi hattara ba ke za a ji, su su zama inuwa.

Riga su shiga

Sautin fiyano duka ne ke haifar da shi. Kina danna maɓalli, 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta doki tsirkiya, sautin ya fito da dukan ƙarfinsa a take, daga nan sai raguwa. Ba ki da ikon ƙara masa komai bayan ya fita. Na goge akasin haka ne. Sai izga ta kama tsirkiya, ta ja ta, kafin tsirkiyar ta farka ta fara rawa, kuma gwargwadon kaurinta gwargwadon nawarta. Siririyar tsirkiyar bayolin tana amsawa nan da nan, babbar tsirkiyar celo ta ƙasa kuwa sai an lallashe ta. Saboda haka in ke da mai celo kuka motsa hannu a ƙiftawar ido ɗaya, ba tare za a ji ku ba. Ke za a fara ji, kuma a daidai lokacin da sautinki ya fi ƙarfi shi bai gama buɗe baki ba. Kunne yana bin wanda ya fara magana. Ko a hankali kika taɓa, kin riga kin cinye masa farkon sauti, kuma abin da zai ji a jikinsa shi ne an danne shi. A ganina mai bayolin da mai celo magana ɗaya suka yi miki da baki biyu.

Maganin shi ne ki daina shiga da motsin izga, ki shiga da amsawar tsirkiya, ki ajiye sautinki a cikin nasu bayan ya buɗe. A aikace jinkiri ne ƙanƙane wanda bai kai a ƙirga ba, amma ranar farko za ki ji kamar kin makara. Ki daure, za ki ga fuskokinsu sun saki.

Ni da kunya na koyi wannan. Farkon zamana da masu goge, muna gwajin kiɗan biyar na Dvorak, wanda celo ke buɗewa da doguwar waƙa fiyano yana yi masa shimfiɗa a ƙasa, sai mai celon, wani dattijo, ya tsayar da mu tun ba a je ko'ina ba. Bai ce na yi ƙara ba. Cewa ya yi in ɗora hannuna a cinya in rera layinsa da baki yayin da yake gogawa. Na buɗe baki sai na tarar ban san inda yake numfashi ba, ban san inda izgarsa ke ƙarewa ta juyo ba, ban ma san sautin da yake so ya daɗe a kai ba. Watanni na yi ina goge nawa layin har yana ƙyalli, nasa ko kallo bai ishe ni ba. Muka maimaita sau uku ina rerawa, sannan ya ce in mai da hannu. Ban rage ƙarfi ko kaɗan ba, amma ya gyaɗa kai ya ce yanzu yana jin kansa.

Akwai inda abin ke juyewa. In sun bar izga suna fizgar tsirkiya da yatsa, sautinsu yana fita a take kamar naki, ya ma riga naki mutuwa. Nan babu jira, idonki na kan yatsan mai fizgar. Haka kuma inda ku biyar za ku faɗo tare da ƙarfi, kamar gaɓar farko ta Schumann (gaɓa ita ce ɗan yankin awo da ake raba rubutun kiɗa da shi), mai bayolin ta farko ce za ta ba da alama da numfashi. Ki ja numfashin tare da ita, a zahiri, da hancinki. Saurin numfashin nan shi ke gaya miki saurin da za a yi kiɗan, kuma wanda ya numfasa tare da mutane da wuya ya riga su.

Feda da hannun hagu

Nan ne nake zaton aka fi yi miki ɓarna ba ki sani ba. Fedar dama, wato matakin ƙafa na dama da ke ƙasan fiyano, tana ɗage duk abin da ke kashe tsirkiyoyi, sai sautin da kika taɓa ya ci gaba da kuwwa, sauran tsirkiyoyin ma su taya shi. In ke kaɗai ce a dandamali wannan ni'ima ce, domin ita ke rufa wa fiyano asiri a kan abin da ba ya iyawa, wato riƙe sauti. A kiɗan biyar kuwa ga mutum huɗu zaune waɗanda aikinsu ke nan. In kika taka feda yadda kika saba kin karɓe musu aiki, kuma hazon da kike tayarwa a tsakiya da ƙasa yake taruwa, daidai unguwar biyola da celo. Sautin celo mafi ƙasa C ne (da haruffa A zuwa G ake kiran sautuka), hawa biyu ƙarƙashin C ta tsakiyar fiyano (hawa shi ne daga wata C zuwa C ta gaba), na biyola kuma hawa ɗaya. Duk filin nan na hannun hagunki ne. Bayolin na farko yana can sama, ko me kika yi zai huda ya fita. Ki lura, mai bayolin ba ta ce kin danne ta ba.

Ga abin da mai wasa shi kaɗai yakan yi in aka ce masa ya sassauta, na gani a ɗalibaina na kuma gani a kaina. Yakan rage hannun dama, tunda can waƙar take kuma can hankalinsa yake. Ya daina kai maɓalli ƙasa, yana shafa su a sama-sama, sai sautin ya yi fayau. Jin ya yi fayau, sai ƙafarsa ta ƙara feda don ta cike ramin, ba tare da ta nemi izininsa ba. Hannun hagu kuwa yana nan yadda yake. Sakamakon: a sama kin ɓace, a ƙasa kina nan daram. Shi ya sa ke kika ji ba ke ke kiɗan ba, mai celo kuma ya ji an zauna masa a kai, kuma dukanku gaskiya kuka faɗa.

Kafin gwaji na gaba ki bi kiɗan tun daga farko har ƙarshe ƙafarki a ƙasa, babu feda sam. Zai yi miki muni a kunne, ki bar shi, don a cikin ramukan nan ne masu goge za su zauna. Daga nan ki mai da fedar inda ba makawa, ki taka ta sama-sama, ki riƙa sauya ta akai-akai. Hannun hagu ya zama gajere, tsaf, mara nauyi. Inda kike ninka layin celo, ki bar masa jikin sautin, ke ki ba shi kaifin baki kawai. Wurin da za ki gane ko kin dace shi ne jigo na biyu a babi na farko, inda celo ke magana biyola na amsa masa, ke kina yi musu rakiya da taushi. In mai sauraro zai iya bin hirar tasu ba tare da ya miƙa wuya ba, kin samu. Amma inda waƙar taki ce, ko inda ku biyar kuka tashi tare, ki saki hannu ki yi kiɗa kamar mai rai. Ba su gayyato mai fiyanon dandamali don ta yi musu raɗa ba. Fedar hagu kuwa launin sauti take sauyawa, ki ajiye ta don wuraren da kike son duhu, kada ki mai da ita maɓoya.

Murfi

Ra'ayina a buɗe shi gaba ɗaya. Murfi bango ne da ke tura sauti wajen masu sauraro. In aka sauke shi kan gajeriyar sandar da ke tokare shi, abin da ya fi raguwa shi ne hasken sautin, wato ɓangaren da ke sa kunne ya rarrabe wannan daga wancan. Kaurin ƙasa kuwa yana ci gaba da fita, har ta ƙarƙashin fiyanon, tunda allon da ke amsa sautin ta fuska biyu yake magana. Sai ki sami sauti mai toshewa wanda ya fi iya rufe celo, ke kuma jin ba ki fita tas sai ki ƙara dannawa.

Duk da haka kada ki ɗauki ƙorafin mai celo da wasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawanci a bakin fiyanon yake zama, inda cikinsa ya lanƙwasa, sautin yana zubo masa a ƙeya. Abin da yake ji a kujerarsa ya fi abin da mai zama a layi na goma ke ji nesa ba kusa ba. Sau da yawa matsar da kujerun huɗun taku ɗaya ko biyu gaba, ko karkata ta mai celo daga bakin, ya ishe ku. Kuma kada ki yi musu a kan wannan da baki. Ki nemi a yi gaɓoɓi kaɗan sau biyu, a buɗe da a sauke, ɗayansu ya je tsakiyar zauren ya saurara, ko a ajiye waya can ta ɗauka ku ji tare. Gani ya kori ji, a nan kuma jin ne ke korar gardama. In ɗakin ƙarami ne mai bangon da ke mai da sauti, fiyanon kuma babba, gajeriyar sanda tana da hujja. In kuma bayan gwadawa sun nace, ki yarda da fara'a. Wasa ɗaya da murfi a sauke bai kai a ɓata zama a kansa ba.

Abin da ba ki tambaya ba, amma yana tafe

Za a zo wurin da za su tsaya suna ta maimaita sauti ɗaya suna kallon juna, wani ya ce fiyanon nan anya kuwa. Ba laifin mai saiti ba ne. A kan sulhu aka ɗaure fiyano: tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama an raba ta gida 12 daidai wa daida, don a iya kiɗa daga kowane mataki ba tare da an sake ɗauri ba. In aka raba kowane gida kashi 100, tazarar biyar, kamar daga C zuwa G, a fiyano 700 ce, alhali wadda kunne ke jin ta zauna tsaf 702 ce. Babbar tazarar uku, kamar daga C zuwa E, a fiyano 400 ce, tsarkakakkiyar kuwa 386, bambancin da ko wanda bai koyi kiɗa ba zai iya ji. Masu goge yatsa ne ke nemo musu sauti, don haka in su kaɗai ne sukan karkata wajen tsarkakakken. Sannan daga A suke ɗaure tsirkiyoyinsu, biyar-biyar. Mai celo zai sauko daga A zuwa D, zuwa G, zuwa C. In kowace tazara ya yi ta tsarkakakkiya, kafin ya iso C ya tara kusan kashi 6 ƙasa da C ɗinki. A takarda ba komai ba ne, amma in kuka riƙe C tare za ki ji sautin yana wata rawa-rawa, kuma babi na biyu na Schumann, mai tafiyar jana'iza, a kan C aka gina shi. Rukunin da ya saba da fiyano yakan ɗan matse tazarorinsa ya gwada C da G da naki. Ke ba ki da inda za ki motsa, dole su su zo gare ki, kuma wannan ne wuri guda da baƙo ke sa masu gida sauya zama. Ki san suna yi miki alfarma. Ki kuma tambayi masu zauren a kan nawa suke saita A, don wasu 440 suke yi, zaurukan Turai da dama kuma 442 ko 443, a sanar da masu gogen tun da wuri.

Ragama

Labarin kiɗan biyar na Brahms yana da amfani a nan. A 1862 ya fara rubuta shi don masu goge zalla, su biyar, da celo biyu. Abokinsa mai bayolin Joseph Joachim bai gamsu ba. Ya mai da shi na fiyano biyu, Clara Schumann kuma ta nemi ya sake zubi. Sai a karo na uku, da ya haɗa fiyano da masu goge huɗu, abin ya zauna. Goge kaɗai ya rasa duka, fiyano kaɗai ya rasa numfashi. Kiɗan da aka haifa haka babu ɗan rakiya na dindindin a cikinsa, don haka ragamar yawo take daga hannu zuwa hannu, wani lokaci cikin gaɓa biyu.

Ƙa'idar da nake aiki da ita mai sauƙi ce. Wanda ke da waƙa shi ke faɗar inda za a miƙa da inda za a lanƙwasa. Wanda ke da ƙananan sautuka masu gudu shi ke riƙe da awo, don shi ne ba zai iya tsalle ba in wani ya yi gaba. A Schumann sau da yawa ke ce wannan, musamman a babi na uku inda ake ta hawa da sauka a guje. In kika yi sauri a nan duk sun bi ki, in kika tsaya cak duk sun sami wurin taka ƙafa. Alamar shiga kuwa ta wanda ake iya gani ce, ke kuma a bayansu kike zaune, saboda haka mafi yawa ki bar wa mai bayolin ta farko. Wani abin da zai yi miki ciwo: 'yancin jan lokaci da sakinsa yadda zuciya ta raya miki a daren wasa, wanda shi ne daɗin wasa ke kaɗai, a nan sai an rage shi. Kina iya ja, amma ta yadda mutum huɗu za su hango tun kafin ki yi. Kuma izga tana da iyaka. In kika ja dogon layi ya wuce tsawonta, mai goge zai tsinci kansa a ƙarshen sanda babu sauran gashi.

Kina da abu ɗaya da ba su da shi. A gabanki cikakkiyar takarda take, layi biyar duka, su kuwa a al'ada kowa nasa layin kawai yake gani. In an rikice ke za ki fara sanin inda aka rabu. Ki yi amfani da wannan wajen taimako, ki faɗi lambar gaɓa, ki ce a nan biyola da hannun damana tare suke, mu ji mu biyu. Kada ki mai da shi kujerar alƙali.

Gwaji biyun da suka rage

Ki je kin iya rera layin celo da na biyola a wuraren da suke da magana, kin kuma yi alama da fensir a duk inda wani ke miƙa miki ko kike miƙa masa. Ki fara da neman ku yi jigo na biyun nan ke da su biyu kawai. Neman da kika yi da kanki zai gyara zaman fiye da duk wani ban haƙuri. In za ki yi gyara, ki faɗi abin da kike ji, kada ki faɗi abin da za su yi da hannunsu. Ni shekaruna nawa a cikinsu, har yau ban taɓa ce wa mai goge ya tura izga sama ko ya jawo ta ƙasa ba, domin ba sana'ata ba ce, kuma duk abin da na gaya miki game da ita daga kujerar fiyano na gano shi. In gardama ta tashi tsakaninsu, ta yiwu ta girmi zuwanki da shekaru. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ki duba takardarki har su gama, kuma don Allah kada ki riƙa bitar wurarenki masu wuya a hankali yayin da suke magana. Babu ɗabi'armu da suka tsana kamar wannan.

Ban ji ku ba, ban ga zauren ba, don haka ki auna maganata da kunnenki. Yana yiwuwa bayan kin gyara lokaci da feda a tarar hannun naki ma yana da nauyi a wasu wurare, ko kuma mai celon ne muryarsa ƙarama, wanda hakan sai ku duka ku zauna a kansa. Abin da wayar da kuka ajiye a tsakiyar zaure ta ɗauka ya fi abin da na rubuta nan kusa da gaskiya.

Sai daren wasa. Yawanci su huɗun ne ke yin kashin farko su kaɗai, kiɗan biyar ya zo bayan hutu. Za su dawo jikinsu da zafi, sun riga sun san yadda zauren ke amsawa da mutane a ciki, ke kuwa kin yi kusan awa guda a bayan fage hannunki na sanyi, ga Schumann da ƙarfi yake buɗewa, babu wurin ɗumama yatsu. Ki nemi ɗaki mai fiyano a baya, in babu ki riƙa motsa hannu, ki kuma saurari kashin nasu daga gefen dandamali don kunnenki ya shiga zauren kafin ƙafarki. Mai juya miki shafi ya halarci gwaji na ƙarshe, ki nuna masa wuraren da ake komawa baya. In kun zauna, ki ba su A su ɗaure tsirkiyoyinsu, ki biyo da D da F a ƙarƙashinta don su ji ta a cikin gida, sannan ki ɗora hannu a cinya. Mai celo shi ke gamawa a ƙarshe, kuma zai so ki taɓa masa C ta ƙasa sau ɗaya, a hankali.